Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya!

Ya ku jama'a, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, ku matso ku ji!

Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, ta shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama wuta a 2016, dubban rumfuna suka zama toka. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ci wuta, bayan wata biyu ta Katsina ta bi sahu. A 2023 sai Kasuwar Monday ta Maiduguri.

Kada wani ya ce muku wannan matsalar 'yan birni ce. Wa ke sayen gyaɗarku da wakenku? Ina kuke saro atamfa da gishiri? In kasuwa ta ƙone, ɗan kasuwar da kuke bi bashi ya karye, kuɗinku sun bi hayaƙi, ɗanku da ke dako a can ya dawo gida hannu rabbana.

Kullum sai a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kai manomi, ai ba ka jira ruwa ya sauka kafin ka gyara jinkar rumbunka. Kana yaɓe, kana duba gara da ɓera. To don me masu mulki ba sa yi wa kasuwa haka?

Ga halinsu. Su ba da kwangila, a sayo tukwanen kashe gobara, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, shi ke nan. Alhali tukunyar nan tana son dubawa a kai a kai, don iskarta na zurarewa, hodar cikinta na dunƙulewa. Motar kwana-kwana tana son mai da taya da ruwa a tanki. Wayar lantarki in ta tsufa sai a sake ta. Mai gadin da aka hana albashi wata uku ba zai kwana ido biyu ba. Hanyar da aka bari don motar kashe wuta kuwa, an yanka ta an sayar, an kafa rumfuna. Ran da wuta ta tashi, mota ta tsaya a bakin ƙofa ana kallo.

Kuɗin gyara fa? Kuna biya! Kowace ranar kasuwa ana yankar muku rasit. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni. Ina kuɗin suke shiga?

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo garinku, kada ku bari ya rufe muku baki da sabulu da taliya. Ku tambaye shi a gaban jama'a: nawa zai ware kowace shekara don gyara? Wa zai riƙa dubawa? Zai buɗe hanyoyin da aka toshe, ko da rumfar ɗan gidansa ce?

Wanda ya amsa dalla-dalla, ku ba shi ƙuri'a. Wanda ya hau kame-kame, ku bar shi da jawabinsa na jaje.

Jama'a, gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta. Ku shafa wa naku ruwa ranar zaɓe!