Ku Bar Yara Su Yi Farfarunsu

Jama'ar Sabo, akwai ƙorafin da ya yi yawa a zaurukanmu da teburan mai shayi, kuma gara mu dube shi tun bai jawo wa 'ya'yanmu asara ba. Wai tun da makarantu suka ɗauko foniks, wato koyar da karatu ta sautin haruffa, yara sun lalace. Wai yaro ya gama zango guda bai iya jero A B C D ba, sai dai ya dawo gida yana "sss" yana murɗa hannu kamar maciji. Wai ajin ma ya fi kasuwar Bodija hayaniya. Har wasu sun fara cire 'ya'yansu suna mayar da su inda ake rera ABCD da bulala a hannu. Mu dai mun ce wannan kuskure ne babba.

Duk wanda ya riƙe allo a cikinmu ya san matakan karatu. Ana farawa da babbaƙu, yaro ya san sunan kowane harafi. Daga nan sai farfaru, a sa wasali, ya ji yadda harafi ke fita a baki: ba, bi, bu. Sai ya iya haɗa su sannan malam ya sake shi ya ja baƙi. Wa ya taɓa ganin wanda ya tsaya a babbaƙu ya karanta sura? To, ABCD babbaƙu ne, sunaye kawai. Foniks shi ne farfarun boko. Haba iyaye, hanyar da malamanmu suka bi da mu ce za mu ƙi don ta zo da Turanci?

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun haura 40. Tsarin Jolly Phonics, wanda ya yaɗu a makarantun ƙasar nan, yana koyar da sauti 42 a rukuni bakwai, kuma yana farawa da s, a, t, i, p, n. Da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tap ya karanta da kansa. Murɗa hannun nan da ake yi wa dariya kuwa alama ce da ke riƙe masa sautin a ka. Ɗan shekara huɗu da baki da jiki yake koyo. Ajin foniks da ka tarar shiru kamar maƙabarta, shi ne abin tsoro.

Malaman makaranta su ma muna da magana da su. Yaron Sabo yana tashi da Hausa a gida, Yarabanci a titi, Larabci a allo, sannan a tare shi da Turanci a aji. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa muke cewa fenti, fensir, fasinja. Ga shi p tana cikin rukunin farko. Idan yaronmu ya ce fan a wurin pan, harshensa ne ya ja shi, kuma nuni yake buƙata: ga yadda ake haɗe leɓɓa, ga yadda ake ɗora haƙora a leɓen ƙasa. Rubuta "ba ya ganewa" ko "taurin kai gare shi" a takardar sakamako zalunci ne. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu yakan kulle bakinsa, kuma wanda ya kulle baki a wannan ajin ya daina koyo ke nan.

Amma laifi mafi girma namu ne. Foniks kamar gini yake, kowane bulo a kan ɗan uwansa. Idan ana ba da sauti ɗaya a rana, yaron da aka tafi da shi biki Arewa na mako biyu a tsakiyar zango ya rasa sauti goma. Ya dawo bai san inda aka dosa ba, sai ya shiga tsokanar na kusa da shi, mu kuma mu ce ba ya jin magana. Haka wadda aka ɗora wa talla da sassafe ta iso bayan an gama darasin. Haka wanda ya fito ba ko koko a cikinsa. Yawancin abin da muke kira rashin ji daga ƙofar gidanmu ya taso.

Saboda haka ga abin da muke nema. Iyaye, a kai yara da wuri, a bar tafiya sai hutu. Bayan magariba a ba yaro minti goma ya nuna sautin da ya koya, ko da Baba ko Inna ba su yi boko ba, saurare ma taimako ne. Mai son gwada ci gaban ɗansa ya sa yayansa ya rubuta masa gajeriyar kalmar da bai taɓa gani ba. In ya bi ta sauti-sauti ya haɗa, to karatu ya zauna. A gwada shi da baba, gida, tuwo ma, tunda Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Shugabannin unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai kuma su nemo matasanmu da suka gama sakandare, a sa mai jin Hausa ɗaya yana taimaka wa malama a kowane ajin farko.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Allah ya raya mana su, ya buɗe musu ƙwaƙwalwa.