Alherin Allah kyauta ne, amma bashin mutum sai an biya

1/ Ran Asabar muna cikin mota daga Jega zuwa Aliero, wani abokina ɗan Kimba, Musulmi, ya tsokane ni: "Ku Kirista kun huta. An riga an yafe muku komai, sai ku yi ta abin da kuke so." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai. Bari in yi zare a kai.

2/ Gaskiya ne mun gaskata cewa gafarar zunubi ba a sayen ta. A Afisawa 2:8-9 Manzo Bulus ya koyar cewa ceto alherin Allah ne ta wurin bangaskiya ga Yesu, ba ladan aikinka ba, don kar wani ya yi fahariya. A kan wannan Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, lokacin da ake sayar da takardun sassauci da kuɗi.

3/ To a ina abokina ya samo tasa fassarar? A wurinmu mana. Halinmu yake karantawa, ba Littafi Mai Tsarki ba.

4/ Misali: wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya ranci dubu 15 a hannuna tun zangon da ya wuce. Da na tuna masa sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai Kirista yafewa yake." Kuma duk Lahadi yana sahun gaba a mawaƙa.

5/ Wannan shi Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kira alheri mai araha a littafinsa na 1937: gafara ba tuba. Bulus ma a Romawa 6 ya ƙi ra'ayin nan na a ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru.

6/ Ku duba Zakka a Luka 19. Mai karɓar haraji ne, ya cuci mutane. Yesu ya shiga gidansa tun kafin ya gyara komai, alherin ke nan. Amma sai Zakka ya miƙe ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Gafara ta fara zuwa, biya ya biyo baya.

7/ A Matiyu 5:23-24 kuma an ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da ƙorafi a kansa, ya ajiye, ya je su shirya tukuna.

8/ Saboda haka in ka damfari wani a intanet, ko ka cinye kuɗin makaranta ka yi wa iyaye ƙarya, kuka a coci bai rufe maganar ba. Allah zai yafe, e. Amma akwai mai haƙƙi yana jiranka.

9/ Ni ma maganar ta taɓa ni. Matiyu 18 ya hana wanda aka yafe wa babban bashi ya shaƙe ɗan'uwansa kan ƙarami. Don haka ba na riƙe shi a zuciya. Sai dai yafe kuɗin zaɓina ne, ba shi zai yafe wa kansa ba.

10/ Yau ka duba wa kake bi, wa ke bin ka. Ka kira shi kafin Lahadi. Ko dubu ɗaya-ɗaya ne, ka fara biya.