Layi Biyu Ba Ya Ninka Gudun Intanet, A Daina Cutar Masu Shago

Jama'a, yau sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wasu masu haɗa rauta suna yawo daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, suna ce wa masu shagon tiransifa da cike fom: "Haɗa MTN da Airtel a rauta ɗaya, gudu zai ninka." Wallahi ba haka ba ne!

Rautar raba kaya take yi, ba haɗa gudu ba. Ka ɗauko mota biyu ka loda rake: za su kwashi kaya da yawa, amma ba wadda za ta isa Zariya da wuri don kawai sun zama biyu. Fayil ɗaya da kake saukewa, layi ɗaya yake bi.

Kwanaki wani bawan Allah ya kawo mini wayarsa ranar kasuwar Makarfi, wai manhajar banki sai fitar da shi take yi, ga kwastomomi sun yi layi. Na duba, waya lafiya lau. Ashe rautar ce: yanzu ta tura shi ta wannan layin, anjima ta wancan. Adireshin IP ya canza, banki ya ɗauka wani ne daban, ya rufe ƙofa. Wanda ya haɗa masa kuwa tuni ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

In kana da irin TP-Link ER605, ga gyaran:

1. A Policy Routing, ɗaure wayar banki da POS a layi ɗaya tak.
2. Kunna Application Optimized Routing, kada zama ɗaya ya tsallaka layi.
3. Saita Link Backup da Online Detection, in babban layi ya mutu na biyun ya karɓa da kansa.

Amfanin layi biyu na gaskiya ke nan, ranar da ɗaya ya ɗauke. Ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Amma fa kada layukan su zama na kamfani ɗaya, ɓarnar kuɗi ce.

Kafin ka biya mai haɗawa, ka ce ya zare layi ɗaya a gabanka. In intanet bai dawo da kansa ba, riƙe kuɗinka, ɗan'uwa.

Wanda ya taɓa cin karo da wannan, ya faɗa mana a ƙasa.