Kamarar gaban mota: shaidar da ba ta da dangi

 A wannan wata za mu yi magana bisa wata ƙaramar na'ura da ake liƙawa a gilashin gaban mota. Ana ce mata kamarar mota. Girmanta kamar kwalin ashana biyu ne. Aikinta ɗaya: tana ɗaukar hoto mai motsi na duk abin da ke gaban mota, tun daga tashi har sauka.

Wani zai ce: ni da ko keke ba ni da shi, ina ruwana? Da ruwanka, ɗan'uwa. Albasar Galmi da waken Maradi a mota suke zuwa kasuwa. Ɗanka ko ƙanenka direba ne ko karen mota. Wata ƙungiyar manoma ma tana da motar ɗaukar kaya tata. Kai kuma makiyayi, garkenka yana ƙetare kwalta. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta bi ta Yamai, Doso, Ƙonni, Maradi, Damagaram har Difa, tana ratsa gonaki da burtali masu yawa.

Ranar da mota ta buge saniya ko amalanke, sai gardama ta tashi. Direba ya ce dabba ce ta faɗo mishi. Mai dabba ya ce gudu ne ya yi yawa. Kowa ya kawo ƴan'uwansa shaida. Kamara kuwa ba ta da dangi. Abin da ta gani shi take nunawa. A ƙasar Rasha direbobi da yawa sun daɗe suna aiki da ita saboda irin wannan gardama. Shi ya sa a shekarar 2013, da wani dutse ya faɗo daga sama ya fashe bisa birnin Celiyabinsk, kamarorin motoci ne suka nuna wa duniya yadda abin ya faru.

Yadda take aiki

Tana samun wuta daga ramin kunna sigari, inda direbobi ke cajin salula. An tada mota, ta fara ɗauka. An kashe mota, ta tsaya. Hotunan suna shiga cikin katin memwar, irin ƙaramin nan na salula. Tana ajiye su gunduwa-gunduwa, minti 1, ko 3, ko 5. Idan kati ya cika, sai ta shafe mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa. Mafi yawansu suna jin girgiza. Idan an yi karo, sai su kulle gunduwar wannan lokaci don kada ta shafe.

Kafin ka saya

1. Duba jikin kwali. Nemi wadda aka rubuta 1080 ko fiye da haka. Mai ƙasa da wannan ba ta nuna lambar mota sosai.

2. Tambayi abin da ke riƙe mata wuta a ciki. Wasu batir gare su irin na salula. A bazara, watan Afirilu da Mayu, zafi yakan kai digiri 45, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka nesa. Irin wannan batir yakan kumbura ya lalace. Akwai masu wani abu da ake kira kondansater maimakon batir. Su ne suka fi jure zafin ƙasarmu.

3. Katin memwar mai lamba 32 yana ɗaukar tafiyar wajen awa 4 kafin ya fara shafewa. Mai lamba 64 ya ninka haka. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa. Araha ba ta ado: kati mara kyau yakan mutu shiru, ba ka sani ba sai ranar buƙata.

4. Ƙaramar mota wutarta bolt 12 ce, manyan motocin kaya da yawa kuwa 24. Ka tabbata kan wayar ya dace da motarka.

5. Kada ka biya sai an gwada a gabanka. A ɗauki hoto, a nuna maka, ka karanta lambar wata mota a ciki. Idan da hali, a gwada da dare ma.

Yadda ake liƙa ta

Goge gilashi ya bushe. Liƙa ta a sama, a tsakiya, bayan madubin direba, inda ba za ta tare mishi gani ba. Ta kasance a wurin da magogin gilashi ke kaiwa, don ruwan damina. Daidaita idonta: hanya ta fi yawa a hoto, sama kaɗan. Bi da waya ta gefen gilashi, kada ta yi lilo kusa da sitiyari ko birki.

Daga nan sai babban aiki: sa mata kwanan wata da lokaci daidai. Rana, wata, shekara, awa da minti. Hoton da kwanan watansa ya kauce, mai gardama zai ce ba na ranar ba ne. Wanda ya iya lambobi zai yi wannan da hannunsa.

Kula da ita

Kowace safiya, duba ko ɗan hasken da ke nuna tana ɗauka yana kama. Lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashi, sai a dinga gogewa. Sau ɗaya a wata, a wanke katin ta cikin kamarar, bayan an kwashe abin da ake so. Idan mota za ta daɗe a rana, cire kamara ka ɓoye. Ka tsare ta daga zafi, ka tsare ta daga ɓarawo.

Ranar haɗari, Allah ya kiyaye

Rai ne farko. A taimaki wanda ya ji ciwo, a kai shi likita. Sannan a kashe kamara, a cire kati, don kada sabon hoto ya hau kan na haɗarin. A juye shi cikin salula, a samu biyu. A nuna wa jandarma idan a daji ne, ko ƴan sanda idan cikin gari ne, da kuma kamfanin inshora. Kai makiyayi ko mai amalanke, idan ka ga kamara a gilashin motar, ka faɗa wa hukuma a duba ta. Haƙƙinka na iya kasancewa a ciki.

Gargaɗi uku. Direba kada ya taɓa kamara yana tuƙi. Kada a tsaya ɗaukar hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro. Kada kuma a watsa hoton gawa ko mai rauni a WhatsApp, domin yana da iyaye da iyali.

Direbobi, ku sani kamara ba ta taka birki. Idan kai ne ka yi gudun wuce kima, ita ce za ta fara ba da shaida a kanka. Ku rage gudu a bakin kasuwa da mashigin dabbobi. Makiyaya, ku tsaya ku duba dama da hagu kafin garke ya hau kwalta, kada a bar wa ƙaramin yaro shi kaɗai wannan aiki.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, a kai labari har tasha. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.