Filin Ilmi: Lambar Da Ta Gagari Rabo

Mai doya a Kasuwar Gwari ta Minna ya san ƙwarya ɗari ce, tana kasuwa biyu, huɗu, biyar ko goma ba saura. Amma in uku suka ruɓe, 97 ɗin nan ba ta kasuwa daidai ko ta yaya, sai dai ɗai-ɗai ko a bar ta tsibi guda. Irin wannan lamba ita ce gagara-rabo. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar ba su da iyaka.

Shi ya sa neman su bai ƙare ba. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata gawurtacciya. A jera lambar 2 har sau 136,279,841, a riɓanya su da juna, kana a ɗebe ɗaya. Amsar tana da alƙaluma 41,024,320, ta fara da 8 ta ƙare da 1. Ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, in zai rubuta alƙalami guda kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya haura kwana 474.

Kada a ce aikin banza ne. Ƙannenta masu alƙaluma ɗaruruwa suna cikin makullan da ke tsare kuɗin da ake turawa ta waya. Riɓanya biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi. Ɓarawon da ya ga amsar kaɗai kuwa, gano biyun da suka haife ta ya fi ƙarfin kwamfutarsa.