Ƙannenmu Na Aji Ɗaya

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mun iya ɗaga murya idan aka ƙara mana kuɗin makaranta, amma ba mu cika waiwayar ƙannenmu na aji ɗaya a ƙaramar sakandare ba. Alhali kuwa yaro da yawa daga nan yake fara sulalewa.

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekaru tara na farko kyauta ne, kuma tilas: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Madalla. Amma fa doka ba ta koya wa yaro karatu. Ga ɗan shekara goma sha biyu, jiya malaminsa ya san shi har gida. Yau malamai wajen goma ke shiga suna fita, kowa da Ingilishinsa, ba mai tambayarsa ko ya gane. In makarantar kwana ce, sai ya gama ɗebo wa manyan ɗalibai ruwa da yi musu wanki kafin ya buɗe littafi. Ya faɗi jarrabawa, a ce daƙiƙi ne, uba ya ga gara kasuwa. Yarinya kuwa, mun san abin da ake cewa.

Ba mu yarda daƙiƙanci ne ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da makaranta ke so gare shi.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta tsara: a dogon hutu kowannenmu ya ɗauki yara biyar na unguwarsu, ya maimaita musu Ingilishi da lissafi cikin Hausa, awa ɗaya kowace safiya.