Hari Daban, Cin Ƙasa Daban: Raddi a Kan Kalmar Pashat

Wani malami da nake girmamawa ya rubuta cewa kalmar Ibrananci pashat, wadda ke cikin littattafan Tsohon Alkawari, ma'anarta mamaye ƙasa a zauna a cikinta. Na karanta hujjojinsa uku a nan Baure, kuma ina ganin ya hau dokin zato.

Ya fara da Larabci. Ya ce pashat ƙanwar basaɗa ce, wato shimfiɗawa, saboda haka runduna ce ta shimfiɗu ta rufe ƙasa. Gaskiya ne wasu ƙamusoshi sun ambaci wannan dangantaka, amma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. A bisa al'ada, inda Ibrananci ya sa pe, Larabci fa'un yake sa wa: patah da fataha, Par'o da Fir'auna. To, ina ba'un ta fito? Ko da ma 'yan uwan juna ne, ai ba a tambayar halin mutum a gidan kawunsa alhali ga gidan ubansa. A gidan ubanta, wannan saiwa tuɓewa take nufi. Ita aka yi amfani da ita a Farawa 37:23 inda 'yan'uwan Yusufu suka tuɓe masa riga. Ita ce a Littafin Firistoci 1:6 wajen feɗe dabbar hadaya. Duk wanda ya tsaya kusa da mahauci ranar kasuwa ya ga yadda yake cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama ya ja, ya san aikin na ɗan lokaci ne: a saɓule, a ɗauke, a tafi.

Haka labaran suke. A Ayuba 1:17, Kaldiyawa sun kasu ƙungiya uku, suka faɗa wa raƙuma, suka kashe masu kiwo, suka kora dukiya. Raƙuma 3,000 ne Ayuba yake da su. Babu wanda ya tsaya gina gida. A 1 Sama'ila 30, Amalekawa sun afka wa Ziklag, garin da Dawuda yake zaune, mazan gari ba sa nan, suka cinna wuta, suka kwashe mata da yara ba su kashe kowa ba, suka kama hanyarsu. Da zama suka zo yi, me zai sa Dawuda ya bi sawunsu da mutum 400 har hayin rafin Besor? Sai ya tarar da su a ƙofar gari mana. Annabi Nahum ma, a 3:16, fara ya jingina wa kalmar, kuma nan take ya ce ta tashi sama. Masana sun saɓa ko saɓar fata take nufi ko faɗa wa gona. Ko wanne ne, manomin Baure ya san fara ba ta karɓar sarauta.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi, ba zan ɓoye ba. A 2 Tarihi 28:18, zamanin Sarki Ahaz, Filistiyawa sun yi pashat a garuruwan Yahuza, kuma sun zauna. Amma Malam ya sake duba ayar. Marubucin bai bar kalmar ta ɗauki kayan ita kaɗai ba. Ya ƙaro lakad, wato kamawa, ya ƙaro yashab, wato zama. Da zaman yana cikin pashat, da bai wahalar da alƙalaminsa ba. Harshen yana kuma da yarash ta ƙwace gādon ƙasa da kabash ta murƙushewa.

Ta ukun ita ce yadda fassarar Ingilishi ta 1611 ta juya kalmar. Wannan ba hujja ba ce, shaidar wanda bai ga faɗa ba ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin ƙasar Daura ya kasa bambance hari da cin ƙasa. Da Malam Isiyaku ya ci Daura a farkon jihadi, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka ƙare a Zango da Baure, aka yi kusan shekara ɗari kafin Turawa su mayar da ɗaya daga cikinsu, Malam Musa, birni a 1906. Wannan shi ne cin ƙasa. Su kuwa mahayan da ke ɓullowa da asuba a wannan kan iyaka tsakanin Damagaram da Kano, su kora shanu, su kama bayi, kafin hantsi sai ƙura, kakanninmu mahara suke ce musu.

Ƙofa ɗaya na bar masa. Mamaya a tsohuwar Hausa afka wa mutum ce bai shirya ba. In wannan yake nufi, bakinmu ɗaya. Amma mai sauraron rediyo na yau in ya ji mamaya, sojan da ya kafa sansani yake hangowa. Don haka, Malam, a bugu na gaba a rubuta hari.